Na biya mai zagayawa da baƙi a Angra do Heroísmo, ga yadda ta kasance

Jama'a duk wanda Allah ya kai shi tsibirin Terceira, cikin tsibiran Azores na ƙasar Fotugal, don Allah kar ya ce zai zagaya garin Angra shi kaɗai da waya a hannu. Ni ranar farko haka na yi, na ga gine-gine masu fari da shuɗi da rawaya, na ɗauki hotuna na koma masauki, ba abin da na fahimta. Washegari sai na yi rajista da masu zagayawa da baƙi a ƙafa, kuɗin bai kai na cin abincin dare ɗaya a gidan abinci ba, kuma gaskiya wannan kuɗin bai tafi a banza ba.

Daga Lisbon jirgi kusan awa biyu da rabi ne zuwa filin jirgin Lajes, daga nan mota ta kai ka Angra. Mun haɗu da mai zagayawar a dandalin Praça Velha da safe, wani dattijo ne ɗan garin, turancinsa ana ji sarai duk da yana ɗan sauri. Ya fara da bakin ruwa, gaban cocin Misericórdia mai shuɗin nan, ya ce ku kalli yadda dutsen Monte Brasil ya tare gaɓar kamar katanga, to wannan shi ne sirrin garin gaba ɗaya. A zamanin da, jiragen ruwa da ke dawowa daga Indiya da Brazil ɗauke da kayan yaji da azurfa nan suke tsayawa su sha ruwa su yi gyara kafin su ƙarasa Turai, wato zango ne a tsakiyar teku, irin yadda ayarin fatake ke yada zango a Agadas. Tun 1534 aka ba shi matsayin birni. Ya nuna mana tsohon gidan ibadar São Francisco da yanzu ya zama gidan tarihi, inda aka binne Paulo da Gama, ɗan'uwan Vasco da Gama, shahararren matuƙin jirgin ruwa na Fotugal. Shi Paulo ya rasu ne a nan a 1499 suna hanyar komawa daga Indiya.

Abin da ya fi taɓa ni shi ne maganar girgizar ƙasa ta ranar 1 ga Janairu 1980. Mutumin nan yana yaro lokacin, ya ce gidaje da yawa sun rushe mutane sun kwana a waje, amma da aka zo sake gini ba su yarda an yi musu sabon gari ba, sai aka mayar da titunan da fuskar gidajen yadda suke, kuma a 1983 UNESCO ta sa garin cikin wuraren tarihi na duniya. Yana magana muryarsa tana rawa, wannan ba a waya za ka same shi ba.

Inda na ɗan ji ba daɗi shi ne a sansanin São João Baptista da ke gindin Monte Brasil. Ya daɗe yana bayanin yadda Sifaniyawa suka gina katangar lokacin da suke mulkin Fotugal, amma da aka zo kan Gungunhana sai ya wuce da jimla ɗaya. Wannan fa sarki ne guda, sarkin Gaza a Mozambik, Turawan Fotugal suka kama shi a 1895 suka kawo shi wannan tsibirin a 1896, nan ya zauna har ya rasu a 1906 bai sake ganin ƙasarsa ba. Ni da na tsaya a wurin, Sarkin Kano Alu ne ya faɗo min a rai da zamansa a Lakwaja. Sai da na yi tambaya sannan ya ƙara bayani, kuma ya san labarin sosai, kenan ba rashin sani ba ne, kawai bai ɗauka baƙi na so su ji ba.

Sai batun abinci, nan kam ya yi min rana. Abincin da aka fi sanin Terceira da shi sunansa alcatra, naman shanu ne ake dafawa a tukunyar ƙasa na tsawon awanni, ƙamshinsa kaɗai zai ja ka, amma da giya da kitsen alade ake haɗa shi. Ina faɗa masa ni Musulmi ne ya ce kar ka taɓa, har ta kifin ma ka tambaya don ita ma ana zuba giya. Ya raka ni wani ƙaramin gidan abinci ya yi musu bayani da yarensu, aka gasa min kifi sabo da dankali da man zaitun. Cukunsu ma akwai daɗi, shanu sun cika tsibirin ko ina ka duba.

A sa takalmi mai riƙe ƙasa don duwatsun da aka shimfiɗa a titi suna santsi in an yi yayyafi, kuma yayyafin baya sallama, yanzu rana an jima ruwa. Hawan lambun Duque da Terceira zuwa tudun Alto da Memória akwai matakala da yawa, mai ciwon gwiwa ya faɗa tun farko a rage masa. Ban ga masallaci ba a zagayen da muka yi, a masauki na yi sallolina. In na koma zan sake neman mutumin nan, amma wannan karon zan roƙe shi mu fara daga sansanin.