Hattara da mai tallar "tsofaffin wuƙaƙen Jamus" a waya

Jama'a, akwai wani mutum da ke yawo a zaurukan WhatsApp da shafukan saye da sayarwa yana tallar wuƙaƙe da takubba, wai tsofaffi ne na gado. Ni ya ci mini naira 45,000 ana saura mako uku Babbar Sallah, kuma bayan na fara magana mutum biyu sun same ni da irin labarina. Ba zan kama suna ba, domin sunan da yake amfani da shi ma ba nasa ba ne, sau biyu yana sauya shi tun da na fara bibiyarsa. Gara in faɗa muku yadda yake aikinsa, ko ya zo muku da wane suna ku gane shi.

Mahaifina, Allah Ya jiƙansa, mahauci ne. Ban da barhonsa na aiki, yana da wata wuƙa mai naɗewa, Okapi, wadda ba ta rabuwa da aljihunsa. Ƙotar katako ce mai adon wata da taurari, da ɗan zobe a baya wanda ake ja kafin ta naɗe. Tsabar wasawa har ruwanta ya sirance ya koma kamar ganyen dalbejiya. Bayan rasuwarsa muka neme ta sama ko ƙasa, babu. Shekara da shekaru ina son in sami irinta. To ranar da na ga hoton wata a waya, an ɗora ta a kan tabarma, an rubuta "tsohuwar Okapi ta Jamus, ƙarfen da", zuciyata ce ta yi cinikin kafin hankalina ya iso.

Abin da ya sa maganarsa ke shiga kunne shi ne akwai gaskiya a gindinta. An fara ƙera Okapi a birnin Solingen na Jamus a 1902, kuma don kasuwannin Afirka aka yi ta tun asali. A 1988 aikin ya koma Afirka ta Kudu. Saboda haka duk wadda ke ɗauke da tambarin Jamus na gaske ta haura shekara 35, kuma masu tara wuƙaƙe suna neman ta. Wannan tarihin ya haddace shi tsaf, yana karanto maka shi kamar wanda ya gaji sana'ar.

Salonsa ɗaya ne ga kowa. Zai ce wani dattijo ne ya rasu a ƙauye, magada suka fito da kayansa za a raba gado, shi taimaka musu kawai yake yi. Ka nemi ya kira ka ta bidiyo ka ga wuƙar a hannunsa, ya ce sabis ba shi da ƙarfi a inda yake. Ka ce za ka turo ɗan'uwanka ya duba, ya ce yana kan hanya, sai jibi. Kana cikin tunani sai ga saƙon murya: "Yallaɓai, saura ita kaɗai fa. Akwai wani Alhaji da ya ce zai turo kuɗi bayan la'asar, amma ni kai na fi so ka samu." Na tura kafin alƙalami, sannan ya ce direba ba zai karɓi saƙo ba sai an cika, na cika. Sunan da ya fito a asusun bankin daban yake da wanda ya faɗa mini. Na tambaya, ya ce na ƙaninsa ne. A nan ya kamata in tsaya, ban tsaya ba.

Ni an kawo mini kaya. Ɗaya daga cikin mutum biyun nan ko tsinke bai gani ba, lambar direban da aka ba shi ba ta taɓa shiga ba.

Da na kwance ƙunshin a tasha, abin da na fara lura da shi tafin hannuna ne, ya yi ja da tsatsa. Wuƙar mahaifina ba ta taɓa ɓata hannu ba, baƙi-baƙi take, sumul. Washegari na kai ta wurin wani tsohon maƙeri da ke yi wa mahaifina gyara tun ina yaro. Ya karɓa, ya jujjuya ta, ya kai ta hancinsa ya shinshina.

"Ɗana, nawa ka ba da?"

Na faɗa masa. Ya yi shiru, sannan ya ce, "Wannan ba ta kai Sallah biyu a duniya ba. Ruwan batir aka zuba mata, aka barbaɗa gishiri, aka binne ta a ƙasa mai laima kwana kaɗan."

Na ce, "Baba, tambarin fa?"

Ya ce in sa farce in shafa. Na shafa, ban ji komai ba, lumui. Ya ɗauko wata tsohuwar wuƙa daga cikin tarkacensa ya ce in shafa nata, sai na ji ramin haruffan, domin buga su aka yi cikin ƙarfen. Na tawa kuwa zane ne kawai aka ɗora a sama. Daga nan ya buɗe ta rabi ya nuna mini cikin mahaɗin da take naɗewa: ƙusar tana sheƙi fes, inda ruwan batirin bai kai ba. Ya nuna mini faɗin ruwan wuƙar, cikakke daga gindi har tsini, alhali wuƙar da aka ce ta yi shekara hamsin tana aiki dole dutse ya ci cikinta. Ƙotar kuma baƙin mai aka shafa mata ko'ina daidai wa daida, ba a inda yatsu ke kamawa kaɗai ta yi duhu ba. A ƙarshe ya goga mata magagari sau biyu, ƙarfen ya zubo kamar ana kankare sabulu. Ya ce ko an wasa ta, kafin a gama feɗe akuya ɗaya bakinta ya lanƙwashe.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne maganar da ya yi bayan haka. Ya ce mutanenmu sun riƙe cewa ƙarfen da ya fi na yanzu, kuma a kan wannan ake yankar su. Tsofaffin wuƙaƙen da muke yabo su ne waɗanda suka yi kyau har suka kai yau. Marasa kyan tuni sun karye an zubar. Mai tarawa, tarihi yake saye, yana da hujjarsa idan ya biya da tsada. Amma mahauci da mai tsire da mai neman wuƙar layya, kaifi suke nema, kuma sabuwar da maƙeri ya ƙera daga sifirin mota ya ba ta ruwa yadda ya kamata za ta yi musu aikin da babu tsohuwar da za ta fi ta. Ni na yarda da shi. Mutumin nan yana cin kasuwa biyu ne a lokaci guda: ga mai son tarihi ya ce ta gado ce, ga mai son aiki ya ce ƙarfen da ne, ba ta dakushewa.

Ba Okapi kaɗai yake talla ba. Na ga ya sa hoton wuƙar Faransa mai suna El Baraka, wadda ke da zanen kuros ɗin Agadas a ƙota, 'yar gidan wata wuƙa mai naɗewa mai suna Douk-Douk da ake yi a garin Thiers na Faransa tun 1929. 'Yan'uwanmu na Nijar su lura da wannan musamman, domin har yanzu kamfanin da ke yin ta yana ƙera wuƙaƙe, ganin zanen kaɗai ba ya nuna tsufa. Yana kuma tallar takubba, wai na yaƙin jihadi. Gaskiya ne ruwan takubba da yawa na da daga Turai suka ƙetaro hamada, amma tun zamanin kakanni maƙeranmu ke kwaikwayon tambarinsu, irin zanen wata biyu masu fuska da ake bugawa a ruwan takobi. Yau ma a Kano da Agadas ana ƙera takubba masu kyau don hawan Sallah da ado, dukawa su yi musu kube, a sayar da su a matsayin sababbi, halal ɗinsu. Irin waɗannan yake saye ya ɓata su da tsatsa, ya turara kuben da hayaƙi, ya ninka kuɗin. Wannan ya fi komai ƙona mini rai, don yana zubar da mutuncin masu sana'ar gaskiya.

Kuma ko da takobin na gaske ne, akwai doka. Dokar da ta kafa hukumar kula da gidajen tarihi ta Najeriya a 1979 ta hana cinikin kayan tarihi sai ta hannun wanda aka ba izini, kuma kayan fasaha da aka yi a ƙasar nan kafin 1918 suna ciki. Mai son ganin tsofaffin makamai ya je Gidan Makama a Kano ya kalla da idonsa, zai ga yadda tsufa na gaske yake a jikin ƙarfe da fata.

Idan har za ka sayi tsohuwar wuƙa, ka riƙe ta a hannunka tukuna, ko ka sa wanda ka amince da shi ya riƙe, kuma a kai wa maƙeri kafin kuɗi ya fita. Sunan asusu ya saɓa da na mai kaya, ka fasa. Wanda ya riga ya tura kuɗi, kada ya goge hirar saboda haushi ko kunya: ya adana saƙonnin muryar da shaidar turawa, ya kai wa bankinsa da 'yan sanda da wuri. Ni na kai nawa, ina jira.

Jiya wani abokina ya turo mini hoton sabuwar tallarsa daga wani zaure. Ya sake suna, ya sake lamba, wannan karon wai wuƙar wani tsohon soja ce. Amma tabarmar ita ce dai, shuɗiya mai ratsin ja, da ƙonewar garwashi a gefen hagu. Duk wanda ya ga wuƙa a kan wannan tabarmar, don Allah ya sanar da shugaban zauren nan take a cire shi.