Katalizer mai kafofi 200 a Golf GTI, da garejin da ya ɗaura mini shi a Garwa

Masu tare ni suna tambaya a kan katalizer ɗin da na sa wa motata, wato gwangwanin da ke tace gubar hayaƙi a jikin salansa, sun yi yawa, musamman samarin da suka shiga harkar ƙara wa inji ƙarfi, shi ya sa na ce bari in rubuta gaba ɗaya kowa ya karanta. Kayan dai sun yi. Aikin ɗaurawa ma ya yi, amma sai da aka koma. Arha kuwa babu ita a wannan magana.

Motar Golf 5 GTI ce ta 2007, injin lita 2 mai turbo (na'urar da ke cusa wa inji ƙarin iska don ya ƙara ƙarfi), ƙarfin doki 200 yadda ta fito daga kamfani. Tun a Beljiyam mai ita na farko ya sauya manhajar kwamfutar injin, ya kuma sa mata bututun hayaƙi mai faɗin inci 3 daga bakin turbo. Kafin ta baro Duwala ta hauro arewa, wani ya yanke katalizer ɗin ya walda guntun bututu a gurbinsa. Duk wanda ya saba sayen mota ta hannu ya san wannan. Cikin gwangwanin akwai ƙarafa masu tsada, filatinam da faladiyam da rodiyam, 'yan giram kaɗan ne amma masu sayensu ba sa barci. Na saye ta da sanin haka, an kuma rage mini kuɗi a kai.

Abin da ya kai ni gyara ba ƙara ba ce, don ni ƙarar ba ta dame ni ba. Wari ne. A cikin gida nake ajiye motar, dab da tagar ɗakin Hajiya mahaifiyata, kuma duk safiyar da aka tayar da ita sai tsakar gida ta gume da warin ɗanyen fetur, ido na yaji. Wanda ake ji ɗin ma da sauƙi. Iskar kabon monoksaid ba ta da wari ba ta da launi, ita ce kuma mai kisa. Aikin katalizer ke nan: ya mayar da ita iskar da ba ta da wannan guba, ya ƙarasa ƙone fetur ɗin da ya kuɓuce wa inji, ya kuma warware gubar naitirojin da zafin ƙuna ke haifarwa. A Amurka tun motocin 1975 aka fara sa shi, Turai kuma ta tilasta shi da dokar Euro 1 a 1992.

Garejin yana can wajen unguwar Jambutu a Garwa. Ba shi da allo, rumfar kwano ce da rami ɗaya da injin walda, sai wani dattijo da kowa ke ce wa Baba, da yaransa. Abin da ya fara burge ni shi ne bai yarda ya taɓa salansa ba sai da ya duba injin. Ya jona baliz, wato na'urar gano cutar mota, ya karanta kwamfutar, ya kwance fulogi huɗun ya jera su a kan tsumma, ya sa yaro ya taka mai yana kallon launin hayaƙi. Na ce, "Baba, ni fa katalizer na zo sawa." Ya ce, "Alhaji, in injinka na tsallake wuta ko yana shan baƙin mai, kuɗinka za ka zuba a Binuwai. Bari mu ga lafiyar mai gidan tukuna." Gaskiyarsa. Fetur ɗin da bai ƙone a inji ba yana zuwa ya ƙone a cikin katalizer har ya narkar da shi, baƙin mai kuma yana lulluɓe ƙarafan su daina aiki. Ya samu kwayil ɗaya, wato abin da ke ba fulogi wuta, ya raunana, muka sauya shi da fulogin duka.

Zaɓi uku ne a gabana. Irin na kamfani cikinsa tangaran ne mai ƙananan kafofi kamar saƙar zuma, galibi 400 ko fiye a kowane inci murabba'i. Ya fi tacewa, amma yana riƙe numfashin injin da aka ƙara wa ƙarfi, bai kuma dace da bututun inci 3 ba. Na biyu shi ne wanda ake samu a shagunan kayan mota a nan kasuwa, kwali mai ƙyalli, babu sunan ƙasa babu hatimi, an yi mini kuɗinsa sefa 45,000. Wannan ban ma tsaya ciniki ba. Tsadar katalizer tana cikin ƙarafan da aka shafa masa ne, wanda ya sayar maka da arha haka to a nan ya rage, kuma ido ba ya gani. Na uku shi ne na motocin gudu, cikinsa siririn ƙarfe ne da aka naɗe, kafofi 200. Akwai mai 100, amma shi kusan ado ne a wurin tacewa.

Na ɗauki mai 200. Wani ɗan'uwa ya saya mini a Faransa a kan Yuro 300, wato wajen sefa 197,000 tunda Yuro ɗaya sefa 656 ne, kuɗin jirgi da kwastan suka ɗora nasu. Abin da na nace a duba kafin a biya shi ne hatimin da ke jikin gwangwanin: harafin E cikin da'ira da lambar ƙasa, sannan 103R. Wannan ce shaidar cewa an gwada shi bisa ƙa'idar Turai ta katalizer na canji. Ku kula, hatimin na wasu motoci ne da aka lissafa, ba na kowace mota ba, don haka a tambayi takardar da ke nuna injin da aka amince masa.

Ɗaurawa ta ci yini guda, an karɓi 25,000. Waldar Baba tsaf take, ya kuma matso da gwangwanin kusa da turbo iyakar yadda wuri ya bari, don katalizer ba ya fara aiki sai ya kai zafin digiri 250 zuwa 300. Wannan ya sa warin safiya bai ɗauke gaba ɗaya ba. Mintunan farko kamar babu shi ne, yanzu ma da na tayar nake fitar da motar waje. Da ta ɗumama kuwa, sai ka tsaya a bayanta kana hira ba ka ji komai ba.

A tuƙi ban ji ta rasa wani ƙarfi ba. Na hau da ita hawan Mbe a hanyar Ngaundare da mutum huɗu da kaya, tana ja yadda ta saba. Ƙarar ta sauko, wannan ƙarar gwangwani da take yi in an ɗaga ƙafa ta tafi. Shan mai yana nan inda yake. Masu cewa cire katalizer na rage shan mai, wanda ya toshe suka cire, shi ya sa suka ga bambanci.

Sai fitilar inji mai ruwan ɗorawa ta kama. Baliz ta nuna P0420, wato kwamfuta na ganin katalizer ba ya aiki yadda ya kamata. A nan ne mutane ke ruɗewa, don haka bari in ɗan tsaya. Motar tana da sansa biyu masu auna oksijin a hayaƙi, ɗaya kafin katalizer ɗaya bayansa. Inji yana wasa ne a kusa da awo ɗaya, iska kashi 14.7 fetur kashi 1, yana ɗan haurawa yana ɗan saukowa. Katalizer mai lafiya yana ajiye oksijin ya sake shi a hankali, shi ya sa sansa ta baya take zama a natse. In kwamfuta ta ga ta bayan tana hawa da sauka tare da abin da ke shigowa, sai ta yanke cewa babu mai tacewa. Mai kafofi 200 yana da ƙarancin fili a ciki, ajiyarsa ba ta kai ta na kamfani ba, saboda haka yana iya tacewa daidai gwargwado amma kwamfuta ta ƙi gamsuwa.

Wani yaron garejin, ganin Baba ya tafi masallaci, ya matso ya ce, "Alhaji, akwai ɗan ƙarfen da muke sawa a ja sansar baya, fitilar ba za ta ƙara kamawa ba. Dubu biyar ne." Akwai kuma masu goge lambar daga kwamfutar ɗungurungum. Na ƙi duka biyun. Ba su gyara komai, sansar kawai suke makantarwa, kuma mota mai bututu wayam ma in an yi mata haka fitilarta mutuwa za ta yi. Wanda zai sayi mota ya riƙe wannan: rashin fitila ba shaidar komai ba ce, a leƙa ƙarƙashi.

Garejin ba shi da na'urar auna hayaƙi, wannan ne babban aibinsa. Mai aikin salansa da ba ya iya auna abin da ke fita, da hanci yake aiki. Dole na kai ta wurin bizit teknik, wato inda ake duba lafiyar motoci a hukumance, na roƙi a zura mata na'urar. Awon da ake bi a Turai ga mota mai shekarunta shi ne kabon monoksaid kada ta wuce kashi 0.3 cikin ɗari in inji na tsaye yana aiki, kada ta wuce 0.2 in an taka shi ya ɗaga, sannan lamda, wato daidaiton iska da fetur, ta tsaya tsakanin 0.97 da 1.03. Gubar ta sauka ƙasa da iyaka, amma lamda ta haura. Mai na'urar bai yi wata-wata ba ya ce iska na shiga ta wani wuri. Haka kuwa aka yi. Maɗaurin da ke haɗa sabon bututu da tsoho, dab da sansar baya, yaran ba su ɗaure shi da kyau ba, yana zuƙar iska daga waje. Baba ya yi musu faɗa a gabana, ya sake ɗaurewa da hannunsa, bai karɓi ko dala ba. Da aka sake awo komai ya shiga layi. Fitilar ta daina kamawa a cikin gari, sai jefi-jefi a doguwar tafiya, in ta kama kuma nakan je a karanta kafin a goge, kada wata cuta ta ɓuya a bayanta.

Mai zuwa awo ya je da inji da zafinsa. In ka kashe mota ka zauna a layi, na ƙarfen nan yana saurin hucewa, sai ka faɗi awon da ya kamata ka ci. Kuma kada a ɗauki cin awon da girma fiye da ƙima, don ba ya auna gubar naitirojin, ba ya kuma nuna abin da mota ke fitarwa lokacin da turbo ya buɗe a kan hanya. A can mai 200 ba zai kamo na kamfani ba, ko me mai sayarwa ya faɗa.

Maganar mai ma tana ciki. Dalma, wadda ita ce babbar mai kashe katalizer, an daina sa ta a fetur a ƙasashen kudu da Sahara tun farkon 2006, wannan ya wuce. Abin tsoro yanzu shi ne zuwa-zuwa, wato fetur ɗin da ake fasa-ƙwaurinsa daga Najeriya ana sayarwa a bakin titi. Ba wai duka gurɓatacce ba ne, amma ba ka san jarkar da ya kwana ciki ba, ko an sirka shi da kananzir. Injin turbo da aka ƙara wa ƙarfi ba ya yafe wannan, in ya fara tsallake wuta kuma katalizer ne ke biyan bashin. Tun da Najeriya ta janye tallafin mai a 2023 ratar farashi tsakaninsa da na gidan mai ma ta ragu. Ni a gidan mai nake sha.

Sauran ƙorafina ƙanana ne. Babu rasit, babu garanti a rubuce, sai kalmar Baba. Sun manta da mayar da faifan kare zafi sai da na tuna musu, alhali a Garwa a watan Afrilu, rana ta haura digiri 40, abin da ke kai digiri ɗaruruwa a ƙarƙashin mota ba na wasa ba ne, balle a faka a kan busasshiyar ciyawa. Wurin zama kuma benci ne a rana.

Mai Corolla ko Carina da injinta bai taɓu ba, wannan ba nasa ba ne, ya nemi irin na kamfani mai kafofi 400. Mai injin da aka ƙara wa ƙarfi, wanda ke yawo da bututu wayam, shi nake ba shawarar mai 200 mai hatimi, kuma zan iya tura shi wurin Baba, da sharaɗin ya tsaya a kan aikin ya kuma kai awo a ranar. In an gama a ɗauki hoton hatimin da na waldar a waya, a riƙa gwadawa duk lokacin da motar ta kwana a wani gareji.