Akwatin kuɗin Rumawa na koyarwa: sunayen sun fi ƙarfen daraja

A wani shagon littattafai a Garwa ta ƙasar Kamaru ana sayar da ƙaramin akwati mai tsabar kuɗin Rumawa shida, kowace da katin bayani da Faransanci. Kwaikwayo ne, kuma mai shagon ba ya ɓoye hakan.

Katin denarius ya fi kowane kyau. Sunan daga deni yake, wato goma-goma, domin da aka fara buga shi da azurfa wajen shekara ta 211 kafin Miladiyya, darajarsa as goma ce (as kuɗin tagulla ne na Rumawa). Daga nan Larabawa suka samu dinar, Faransawa suka samu denier. Sai dai katin ya tsaya a goma, alhali wajen 141 kafin Miladiyya an mayar da shi as 16, sunan kuwa bai canza ba. Malam, a gyara wannan kafin a kai aji.

Follis, wani kuɗin tagulla, asalin sunansa jakar fata. Shi ya zama fals a Larabci, jam'insa fulus. Solidus na zinariya, wanda Sarki Kwanstantin ya fitar, guda 72 a laba ɗaya ta Rumawa, shi ya haifi sou, tsohon kuɗin Faransawa, kuma ta hanyar albashin mayaƙa ya kai ga kalmar da muke cewa soja. Yaro ya ji wannan, da wuya ya manta.

Aibin yana jikin ƙananan. Quadrans, rubu'in as, kuɗin talaka ne, jan ƙarfe ɗan mitsitsi da faɗinsa bai wuce milimita 15 zuwa 18 ba, amma a nan an yi shi daidai da as. Wannan ya ɓata darasin, tunda ƙanƙantarsa ita ce labarinsa. Denarius ɗin kuma, a ɗora shi a ma'aunin maƙerin zinariya: na zamanin Sarki Agustus yakan kai giram 3.9, wannan bai kai ba. Zubi aka yi musu, ba bugu ba, shi ya sa akwai siririn layi a gefe da ƴan ramuka a fuskar sarkin.

Da damina jan ƙarfen kan yi kore. Kada a goge da lemun tsami ko toka, rubutun zai tafi. Busasshen ƙyalle ya isa.

Ga malamin tarihi ko na Larabci ya cancanci saye. Mai tara tsofaffin kuɗi na gaske ya riƙe kuɗinsa.