Kuɗin ƙetare a Washinton: a hana ko a bayyana?

Hanya biyu Amurka ke bi da kuɗin ƙasashen da ke neman juya akalar manufofinta na waje. Ta farko hani ce: baƙo ba ya zuba ko sisi a yaƙin zaɓe, jami'in gwamnati kuma ba ya zama ɗan aiken wata ƙasa. Ita ta ci Sanata Bob Menendez a 2024. An samu sandunan zinare a gidansa da kuɗi cushe a aljihun riguna, kotu ta kama shi da yi wa Masar aiki, ya sha ɗaurin shekara 11.

Ta biyu bayyanawa ce, bisa dokar FARA ta 1938, wato dokar rajistar masu yi wa ƙasashen waje aiki. Kamfanin kamun ƙafa zai iya karɓar kwangilar wata gwamnati, muddin ya yi rajista da Ma'aikatar Shari'a, duk wata shida ya faɗi nawa ya karɓa, da wa ya gana. Ta nan aka ga kwangilar dala miliyan 1.2 da gwamnatin Jonathan ta ba kamfanin hulɗa da jama'a na Levick a 2014, bayan sace 'yan matan Chibok.

Na fi karkata ga ta biyu, domin hani yakan kora kuɗin cikin duhu. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne masu yi wa kamfanonin ƙetare aiki kan fake da sassauƙar dokar rajistar masu kamun ƙafa ta 1995, su kauce wa FARA.