Farar da ake kiwo a Niyu Zilan: wasiƙa zuwa Damagaram

Assalamu alaikum Yaya. Ina gaishe ka, a gaishe mini da Inna da duk mutanen gida na Birni.

Ka tambaye ni yadda kaya suke a Oklan. Naman tunkiya da madara kam sai wanda ya gani, har na halal, mu ne ma muke yankawa a mahautar da nake aiki. Sai dai kitse ya yi masa yawa, bai kama ƙafar ragon Kasuwar Dole ba. Albasarsu manya ce amma ba ta da ƙamshin ta Galmi. Gero sai a shagon Indiyawa, cikin ƴar leda, kuɗinta ya sayi tiya a gida har da canji. Inda suka yi mana nisa shi ne aiki: ruwan famfo ba ya ɗaukewa, kuma har yau idan na buɗe shi sai na tuna jerin jarkoki da jiran ga-ruwa lokacin bazara.

Ka tuna kilishi da soyayyar farar da Inna ta ƙulla mini? Ban taɓa gaya mata ba, a filin jirgi aka karɓe su. Na rubuta a takarda cewa ina ɗauke da abinci, shi ya sa ba a ci ni tara ba. Wanda ya ɓoye, dalar Niyu Zilan 400 zai biya. Abin ya daɗe yana cina a rai, sai Lahadin da ta wuce na gane dalili.

Wani abokin aiki ya kai ni tsibirin Tiritiri Matangi, tafiyar sa'a ɗaya da ɗan wani abu a jirgin ruwa. Kafin mu hau sai da kowa ya goge ƙasan takalminsa da buroshi, aka ce a zuge jaka, abinci kuma a rufe shi cikin roba. Ɓera ɗaya, ko tururuwa, ko ƙwayar ciyawar da ba ta can ba, su ake tsoro. A tsibirin babu kwandon shara, abin da ka kawo kai za ka koma da shi.

Wurin hekta 220 ne kacal. Noma da kiwo sun cinye dajinsa har zuwa 1971. Daga 1984 zuwa 1994 ƴan sa kai suka dasa itatuwa fiye da 250,000, a 1993 kuma aka zuba maganin ɓera daga sama aka gama da su. Sannu a hankali aka riƙa maido da tsuntsayen asali irin su kiwi da takahe, da tuwatara mai kama da ƙadangare. A 2011 aka kawo wani ƙwaro da suke kira wetapunga.

Yaya, fara ce, amma ba ta da fiffike. Tsohuwar da ke yi mana jagora, wadda ko sisi ba a biyanta, ta ɗaga busasshen ganye a hankali ta nuna mana ɗaya tana barci. Ta kusa cika tafin hannuna, ƙafafun baya duk ƙaya, gashin bakinta ya fi jikinta tsawo. Mafi nauyin da aka taɓa aunawa giram 71 ce. Ɓeraye sun ƙarar da ita ko'ina, sai a tsibirin Hauturu kaɗai ta rage. Daga can aka ɗebo iri, gidan namun daji na Oklan ya yi ta kiwonsu, ana ba su ganye, ana kai su tsibirai cikin guntayen gora. Tana cin ganye da dare, kashinta ya koma taki. Tsohuwar ta ce dajin da babu ƙwarinsa bai gama dawowa ba.

Nan na tuna gawon Mirya da Matamaye da Magarya. A shekarun da suke dashe, a shekarun ne iyayenmu, bayan yunwar 1984, suka fara barin tohon itace a gona suna yi masa aski. An ce hekta wajen miliyan 5 ta farfaɗo a Nijar ta haka, ba gandun raino, ba jirgi. A wannan mun fi su, kuma na faɗa mata. Amma itacen ne ya dawo. Zabin daji da barewar da Baba yake ba mu labari ba su biyo shi ba, jimina kuwa sai a wuraren kiwonta irin na Kelle, can ƙasar Gure. Zumar da muke sha muna yara ma ta yi wuya, kuma ina zargin feshin maganin da muke yi wa wake ba awo.

Na aiko da kuɗi ta hannun ƙanin matarka. Don Allah a sayi amya biyu a ɗora a kan manyan gawon nan na gonar Baba ta hanyar Mirya, kuma bana kada a yi feshi kusa da su. Idan ƙudan zuma sun shiga, ka ɗauko mini hoto. Inna kuma a ce mata ta ajiye mini fara, sai na zo na ci a gabanta.

Ƙaninka.