Tamron 18-400mm: Ko Lensi Ɗaya Zai Wadaci Mai Ɗaukar Hoto a Kano?

Yawancin kyamarorin da nake gani a hannun matasan da suka fara sana'ar hoto a birnin nan, irin su Canon 700D da Nikon D5300, suna zuwa ne da ƙaramin lensi mai lamba 18-55mm (gwargwadon girman lambar gwargwadon yadda lensi ke janyo abu na nesa), wanda yake isa a ɗauki jama'a a tsakar gida ko a ƙofar masallaci, amma da zarar abin da ake so ya yi ɗan nisa sai ya gaza. Daga nan mutum yakan tsaya tsakanin zaɓi biyu: ko dai ya ƙara sayen dogon lensi na biyu ya riƙa musanya su a wurin aiki, ko kuma ya nemi guda ɗaya da zai haɗa kusa da nesa ya bar shi a jikin kyamara dindindin. Lensin Tamron 18-400mm f/3.5-6.3 Di II VC HLD yana kan gaba a cikin irin wannan zaɓi na biyu, kuma shi ne na yi aiki da shi a kan kyamarar Nikon har na san inda yake da ƙarfi da inda yake buƙatar a taimaka masa.

Kamfanin Tamron na ƙasar Japan ya fito da shi a shekarar 2017, a kan dala 649, domin kyamarorin Canon da Nikon masu madubi a ciki waɗanda sensarsu, wato farantin da hoto ke sauka a kansa, ƙarama ce, irin wadda ake kira APS-C. Idan aka raba 400 da 18 za a samu ninki 22.2, kuma a lokacin fitowarsa babu wani lensi na irin waɗannan kyamarori da ya kai shi tazara tsakanin farko da ƙarshe. Saboda ƙanƙantar sensar, abin da ido yake gani ta cikinsa a kan Nikon daidai yake da 27 zuwa 600 a kyamara mai babbar sensa, a kan Canon kuwa kimanin 29 zuwa 640. Nauyinsa giram 710 ne ko ƙasa da haka kaɗan, bakinsa yana ɗaukar filta mai faɗin milimita 72. Ba sabon fage ba ne ga kamfanin, domin tun 1992 ya fito da 28-200mm wanda ya sa irin wannan lensi ya karɓu a wurin matafiya.

Masu sayarwa sun fi son su nuna wa mutum lambar 400, su sa shi ya janyo allon wani shago da ke can ƙarshen titi ya karanta rubutun jikinsa. Ni a ganina babban amfanin lensin a Kano ba a nan yake ba. Amfaninsa shi ne mutum ba ya buɗe cikin kyamararsa a waje. Duk wanda ya taɓa cire lensi a fili a watan Disamba ko Janairu, lokacin da hazo ya rufe gari har ba a iya hango Goron Dutse daga saman Dala sosai, ya san abin da ke biyo baya: ƙura ta sauka a kan sensa, daga ranar kuma kowane hoto da sararin sama ya fito a cikinsa sai an ga ɗigo-ɗigo masu duhu a wuri ɗaya, sai an bi su ɗaya bayan ɗaya a kwamfuta ana gogewa, ko a kai kyamarar wurin mai gyara ya wanke sensar. Ba hunturu kaɗai ba ne ma. Filin hawa, bakin kasuwa, taron ɗaurin aure a unguwar da ba a yi wa titi kwalta ba, duk wuraren da ƙafafu da tayoyi ke tayar da ƙura ne. Lensin da zai zauna a jikin kyamara daga safe zuwa yamma ya rage wannan damuwa ƙwarai, kuma wannan kaɗai ya isa dalilin da zai sa mai aiki a waje ya dube shi da idon basira.

Sai dai kada a ɗauka an rabu da ƙura baki ɗaya. Idan aka murɗa shi zuwa 400, gangar jikinsa tana miƙowa waje har tsawonsa ya kusa ninkawa, in aka mayar kuma ta koma ciki, kuma duk lensin da aka ƙera haka yana shaƙar iska yana fitarwa kamar zugazugin maƙeri. An yi masa kariya daga laima da yayyafi, akwai zoben roba a inda yake haɗuwa da kyamara, amma wannan ba ya nufin a yi ta zuge shi a tsakiyar guguwa. Abin da nake yi shi ne in goge gangar da busasshen ƙyalle tana miƙe kafin in mayar da ita ciki, domin ƙurar da ta kwanta a kanta ita ce take bi ta shige.

A wurin hawan Sallah ne darajarsa take fitowa fili. Hawan Kano, wanda UNESCO ta sanya cikin jerin al'adun duniya da ake tattalinsu a watan Disambar 2024, taro ne da mai ɗaukar hoto ba shi da ikon zaɓar wurin tsayawarsa yadda yake so, inda ya samu nan zai kafe, jama'a a bayansa, dogarai a gabansa. A 18mm yana iya haɗa tawagar hakimi guda da mahayanta da 'yan ƙasanta da ginin Ƙofar Kudu a hoto ɗaya. Ba tare da ya ɗaga ƙafa ba ya murɗa zuwa 200 ya cika hoton da fuskar mai busa algaita, kumatunsa a kumbure, jijiyar wuyansa a tashe. Ya ƙara gaba ya kamo adon linzami ko zanen da ke jikin lifidi. Wanda yake da lensi biyu, kafin ya kwance wannan ya ɗaura wancan tawagar ta wuce, kuma ba za ta dawo dominsa ba. Haka abin yake a marinar Ƙofar Mata, inda lensin yake yarda a matso da kyamara har zuwa santimita 45 daga abin da ake ɗauka a kowane tsawo, sai ga kumfar shuni a bakin rijiyar rini da yatsun marini da suka rine sun fito ɓaro-ɓaro, sannan a ja baya a ɗauki filin gaba ɗaya.

Amma a wannan hawan ne kuma ake fara ganin abin da aka sadaukar. Lambobin f/3.5-6.3 da ke jikinsa suna nuna iyakar buɗewar ƙofar da haske ke bi ya shiga, kuma gwargwadon girman lambar gwargwadon ƙuntatar ƙofar. A 18mm ƙofar tana kai 3.5, amma tana tsukewa da sauri yayin da ake janyo hoto, har ta tsaya a 6.3 tun kafin a kai ƙarshe. Hawan Daushe kuwa da la'asar ake yin sa, kuma sau da yawa kafin a zo jahi a Ƙofar Kudu rana ta yi sanyi, ƙura ta ƙara dusashe abin da ya rage na haske. Dokin da ya taho a sukwane yana buƙatar kyamara ta ƙifta cikin kashi ɗaya bisa 1000 na daƙiƙa ko kusa da haka kafin ƙafafunsa su tsaya cak a hoto, kuma da ƙofar 6.3 a irin wannan lokaci babu yadda za a samu wannan sauri sai an ɗaga ISO, wato ma'aunin da ke ƙara wa hoto haske a cikin kyamara, zuwa 3200 ko sama, inda ƙananan kyamarori suke fara cika hoto da yashi-yashi. Lensin 70-200mm mai ƙofar 2.8 yana shigar da haske kusan ninki biyar na wannan, shi ya sa ƙwararru suke jure nauyinsa da tsadarsa. Akwai na'urar hana girgiza a cikin Tamron ɗin, wadda suke kira VC, kuma tana aiki, domin da an taɓa maɓallin ɗauka ana ganin hoton ya natsu a cikin mahangi. Sai dai rawar hannun mai ɗauka take gyarawa, ba ta da iko a kan gudun doki. Mutane da yawa suna rikita waɗannan abubuwa biyu, su sayi lensin suna zaton zai tsayar musu da motsi.

A cikin ɗaki kuwa magana ta ƙare. Wanda abincinsa yake a wuraren kamu da wuni da dina, inda fitilu masu launi suke walƙiya amma hasken gaske kaɗan ne, ba zai ji daɗin wannan lensi ba sai da fitilar kyamara mai ƙarfi, kuma ko da ita ba zai samu irin hoton da amare suke so yanzu ba, wanda fuska ke fitowa tas bayanta kuma ya narke. Ƙaramin lensin 50mm mai ƙofar 1.8, wanda yana cikin mafi araha a wurin Canon da Nikon duka, yana shigar da haske sama da ninki 12 na abin da 6.3 ke shigarwa. Ina ganin kuskure ne babba matashin da ya shigo sana'a da ɗan jarinsa ya zuba shi duka a kan 18-400 alhali aikin biki yake nema. Da ya fara da hamsin ɗin da fitila, da ya fi saurin mayar da kuɗinsa.

Game da kaifin hoto, daga 18 zuwa wajen 200 ba ni da ƙorafi, musamman idan aka tsuke ƙofar zuwa 8 da rana: tsakiyar hoto tana fitowa da kyau, gefuna suna biye da ita gwargwado. Daga 300 zuwa 400 hoton yana yin laushi, kuma a inda fari ya haɗu da duhu, kamar farin rawani a gaban inuwar zaure, akan ga ɗan siririn layi mai ruwan shunayya a gefe idan aka faɗaɗa hoton a kwamfuta. Ga wanda zai sa hotonsa a Facebook ko Instagram, ko ya wanke shi a girman da ake sakawa a albam, wannan ba zai dame shi ba. Ga wanda zai buga babban allo, zai gani. Ya kamata kuma a yi wa lensin adalci a nan, domin ba duk laushin ne daga gare shi ba. Mutum ya hau Dala da tsakar rana a watan Afrilu ya janyo hasumiyar babban masallacin Juma'a na cikin gari, iskar zafi da ke tashi daga rufin kwano tana karkaɗa hoton, kuma lensin da ya fi wannan tsada sau goma ma ba zai tsallake ta ba. Da sassafe, ko bayan an ɗauke ruwan sama a damina, wannan hoton yana fitowa daban. A 18mm kuma layukan da suke miƙe suna ɗan kumburowa waje, abin da ake lura da shi a bangon Gidan Makama ko a dogayen benayen Kantin Kwari, amma manhajojin gyaran hoto irin su Lightroom suna daidaita shi da dannawa ɗaya.

Wani abu da ba a cika faɗa wa mai saye ba shi ne cewa 400 ɗin tana cika 400 ne idan abin da ake ɗauka yana nesa. Idan yana kusa, a ce taku biyar ko shida, lensin yana rage tsawonsa a ciki domin ya samu saiti, sai mutum ya ga bambancin da ke tsakanin 300 da 400 bai taka kara ya karya ba. Wannan ɗabi'ar kusan duk lensunan da suka haɗa kusa da nesa ce.

To wa ya kamata ya saya? Ɗan jarida da ke bin taruka da rana, malamin da ke tattara hotunan gine-ginen tarihi da sana'o'in gargajiya, ma'aikacin da ake turawa ƙauyuka duba ayyuka, mai sha'awar tsuntsaye da yake zuwa bakin dam ɗin Tiga ko Bagauda, duk waɗannan zai yi musu hidima fiye da kuɗinsa. Amma ina roƙon mai niyya ya buɗe tsofaffin hotunansa a kwamfuta ya duba lambar tsawon da ya fi ɗauka da ita, domin kowane hoto yana ajiye wannan bayani a cikinsa. Idan ya ga ba kasafai yake marmarin wuce 135 ba, to Nikon 18-140mm mai giram 490, ko Canon 18-135mm mai giram 515, sun fi sauƙi a wuya, ƙofarsu tana tsayawa a 5.6 ko an janyo hoto har ƙarshe, kuma na hannu suna samuwa cikin sauƙi. Bambancin giram 200 ba ya zama komai a kanti, sai an rataya kyamara tun daga sallar Idi har azahar. Wanda kuma ya riga ya koma kyamara marar madubi ta Sony ko Fujifilm, ƙanen wannan lensi, Tamron 18-300mm da ya fito a 2021, mai giram 620, shi aka ƙera dominsa, ba sai ya nemi mahaɗin da zai ɗaura lensin a jikin kyamararsa ba.

Da yake mafi yawanmu na hannu muke saye, akwai abubuwan da ba a barin kanti sai an duba su. A tafi da kyamarar da za a yi aiki da ita, kada a yarda da gwaji a kan ta mai shago, ko da ya ce, "Haba Malam, ai duk ɗaya ne." Ba ɗaya ba ne, musamman ga masu Nikon: ƙofar hasken wannan lensi da lantarki ake sarrafa ta, kuma tsofaffin kyamarori irin su D90 da D80 da D60 da D3000 ba su iya yi mata umarni, sai ta zauna a buɗe kullum, alhali D3100 da D5000 da D7000 da waɗanda suka biyo bayansu suna tafiya da ita lafiya. A cire murfin gaba da na baya a haska fitilar waya ta ciki. Ƙura ƙwaya biyu ko uku ba matsala ba ce, amma zare-zare fari mai kama da saƙar gizo fumfuna ce, takan zo da kayan da suka daɗe a ajiye a wuri mai laima, kuma tana cin rufin gilashin. A kifa lensin ƙasa a ga ko gangar tana zamewa da kanta da sauri, a gwada makullin da ke riƙe ta a 18. Daga nan a fita bakin titi a ɗauki allon rubutu a 18 da 100 da 400, a faɗaɗa kowanne a duba kusurwoyi huɗu. Idan gefe ɗaya ya fito tas ɗayan kuma ya dushe, alama ce lensin ya taɓa faɗuwa gilasansa sun goce, kuma gyaran wannan sau da yawa ya fi ƙarfin kayan aikin da masu gyara suke da su a kusa.