Tanti a daji ko zauren jauro? Amsa ga Malam Habu

Malam Habu, na ga tambayarka tun daren jiya. Ka ce kai da abokinka za ku tashi daga Gaundare ta ƙasar Kamaru a kan babura Boxer biyu cikin Janairu, ku bi ta Garwa da Marwa har Yagwa, kuma ba sauri kuke yi ba. Kana son sanin wanne ya fi: ku sayi tanti ku riƙa kwana inda dare ya yi muku, ko ku riƙa sauka a ƙauyuka. Duka biyun na yi a wannan hanya, sai dai tun yanzu ka sani na karkata gefe guda.

Tanti yana da daɗinsa, ba zan ɓoye ba. Ba mai tambayar ka ina aka fito, ina za a je. Ka kashe mashin, ka ɗora shayi, ka miƙe ƙafa, da asuba ka naɗe kayanka ka kama hanya tun rana ba ta yi zafi ba. Yana tare sauro, yana rage ƙurar hunturu. Sanyi kuwa kada ka raina shi. Gaundare tana kan tudu, sama da mita 1,000, in ka gangara dutsen Mbe ka faɗa kwarin Binuwai za ka ji kamar ka bar sanyi a baya, amma ko a Marwa asubar Janairu tana cizo.

Matsalar tanti ta farko ƙasa ce. Kwarin Binuwai gidan kububuwa ne, ita kuwa da dare take yawo, ga kunama mai son takalmin da aka bari a waje. Yashin mayo, wato busasshen rafi, yana jan mutum saboda laushi, amma nan makiyaya ke haƙa ramin ruwa, nan shanu ke gangarowa tun da duhu. Bayan Mbe kuma titi yana bin gefen gandun namun daji na Binuwai, wurin da duk wanda aka gani da wuta cikin dare za a ɗauke shi mafarauci ko mai haƙar zinari.

Amma ba maciji ne ya sa na canza ra'ayi ba. Wata shekara ni da ƙanina muka kafa tanti a gindin tsamiya tsakanin Garwa da Figil, nesa da titi kaɗan, muna ganin mun yi dabara. Wajen ƙarfe ɗaya na dare na ji kare, sai hasken tocila uku a jikin tantin. Na leƙo na ga mutum shida, biyu da kwari da baka, ɗaya da adda, kibiya tana kan tsarkiya. Wani yaro mai kiwo ne ya ga babura biyu sun bar titi da magariba, ya kai labari gari. Ɗan Fulatancin da nake ji ya cece mu. Suka sa mu gaba muna tura babura har ƙofar jauro, wato mai garin, ya fito da bargo a kafaɗa, ya juya takardunmu a hasken tocila, ya ce, “Da kun yi sallama da yanzu kuna barci.” Ban ga laifinsu ba. Mutanen nan sun sha zargina masu tare hanya, sun sha masu satar mutane don kuɗin fansa, musamman can wajen Mayo Rai da Tuboro, kuma a kan babur akan zo musu. Baƙo biyu a daji da dare, me kake so su zata?

Saukar ƙauye kuwa da ƙa'idarta. Ku shiga gari kafin magariba, ba bayan isha ba. Ku tambayi gidan jauro, ko lawan in garin ya ɗan yi girma, ku cire hular kwano kafin ku yi sallama, ku faɗi inda kuka fito da inda kuka nufa, ku miƙa katin shaida tun ba a nema ba. Daga nan kun zama baƙinsa. Babur zai kwana cikin gida, a kawo ruwan alwala, a kawo tuwon dawa, da safe ga kunu. Abin da ya fi abincin ma shi ne labarin hanya: inda titi ya fashe, inda jandarma suke tsayawa, wane mai zuwa-zuwa, wato ɗan bumburutu, ne ba ya surka mai. Taswirar waya ba ta san wannan ba.

Kada ka ce kyauta ce fa. Goro, sukari da ganyen shayi su kasance a jakarka, kuma ka miƙa su a matsayin tsaraba, ba kuɗin ɗaki ba. Za ka biya da lokaci: hira har dare ya raba, yara sun kewaye babur suna taɓa madubi, da safe ba ka tafiya sai maigida ya fito kun yi sallama. Wani zauren akwai kuɗin cizo, wani akuya ce abokiyar kwana. In kun doshi Yagwa, ƙasar Tupuri da Masa, ba kowane ƙauye ne na Musulmi ba, kuma ranar kasuwa bilbil, wato burkutu, yana gudana. Suna karɓar baƙo sosai, sai dai in abinci ya dame ka, da wuya ka rasa mahauci ko mai shago Bahaushe a kasuwar.

To ni abin da nake yi yanzu, tantin yana kan babur, amma inda jauro ya nuna mini nake kafa shi, a tsakar gida ko gindin bishiyar ƙofar gida. Sauro bai same ni ba, gari kuma ya san da ni. Ku sayi ƙarami mai gidan sauro a ciki, wanda ke tsayuwa ba sai an kafa turaku ba, don ƙasar karal, wato laka, da rani tauri gare ta kamar siminti. Kada kuma ku ratsa gonar masakwa, wato dawar rani, da babur, lokacin ana dab da girbi.

Arewa da Marwa, wajen Mora, Waza da Dabanga, inda 'yan Boko Haram suka sace Faransawa bakwai a Fabrairun 2013, ba tanti ba ƙauye, sai gidan baƙi a cikin gari, tafiya kuma da rana. Taku hanyar ta nufi gabas, ta Kaele da Kalfu. In gadar kogin Logon da aka buɗe a 2025 ta ja ku zuwa Bongor, ku riƙe takardun babur da katin rigakafin shawara a kusa, don kun shiga Chadi ke nan.